Tagogin da Na Rufe

Laraba, bayan la'asar

Na yi laifi, kuma gara in rubuta shi yanzu, kafin zuciya ta fara yi masa kwaskwarima kamar yadda ta saba.

Jiya Talata na ba ɗalibaina gwajin lissafi. Yara talatin da ɗaya ne, a ajin da ke bene na uku, wanda bangonsa guda gilashi ne tun daga ƙasa har rufi. Tun da safe malamai ke kukan zafi a ɗakin hutawa, kowa da takarda a hannu yana fifita. Ni kuwa sai na yi dariya. Na ce musu wannan ba zafi ba ne, a garinmu irin wannan rana ita muke cewa yau da sauƙi-sauƙi. Na ce su ne ba su iya zama da rana ba, suna wangale tagogi suna gayyato iska mai zafi da hannunsu. A gidan mahaifina idan hantsi ya ɗaga rufe ko'ina ake yi, a saki labule, a yayyafa ruwa a ƙasa, ɗaki ya wuni kamar cikin randa. Na faɗi wannan duka ina jin daɗin bakina.

Da na shiga aji na rufe tagogin gaba ɗaya, na saki labule. Na ce kowa ya mayar da gorar ruwansa cikin jaka, domin ba a gwaji da tarkace a kan tebur. Haka aka yi mana, ba mu mutu ba. Ban tuna ba cewa bangon gidan mahaifina na ƙasa ne mai kauri, kuma mutum uku ne ke kwance a ɗakin, ba talatin da ɗaya a zaune suna numfashi ba.

Saura minti goma a tashi, yarinyar da ke kujerar gaba ta jikin gilashi, wadda yara ke kira Mai-tabarau, ta sulale ƙasa. Kanta ya bugi ƙafar tebur. Motar asibiti ta zo. Sauran ba zan rubuta ba.

Yau bayan sallar asuba na yi alwashi, kuma na ambaci sunan Allah a kai: ba zan kunna fanka ba, ba zan zauna inda iskarta ke kaiwa ba, ba zan sha ruwan sanyi ba, har sai ranar da yarinyar nan ta dawo ta zauna a kujerarta. Wadda ta ce ta fi kowa sanin zafi, to ta zauna da shi.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Rana har yanzu tana tsaye kamar azahar. A ƙasar nan ba ta san lokacin tashi daga aiki ba.

Shugabar makaranta ta kira ni ofis. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta miƙo mini fom mai shafi huɗu, ta ce in cika a natse, babu gaggawa, amma kafin kwamiti ya zauna. Ta ce kada in tuntuɓi iyayen yarinyar har sai an gama. Na ce to, ranki ya daɗe. Ofishinta akwai fanka a kan tebur, sai na tsaya a bakin ƙofa. Sau biyu tana nuna mini kujera.

Na cika fom ɗin duka, sai gurbi ɗaya a shafi na uku. Alƙalamin ne ma ya fara ƙarewa.

A gidan da nake zaune, ɗakina yana can ƙarshen bene, ƙarƙashin rufi. Wanda ya gina gidan nan sanyi kawai ya sani a duniya. Darduma daga bango zuwa bango, gilashi ninki biyu, taga kuma ba ta buɗuwa sai faɗin tafin hannu, daga sama. Duk zafin da ya shiga ya samu masauki ke nan, kamar ruwa a fulas. Fankar da na saya bara na ɗora ta a kan kabad, na juya fuskarta ga bango.

Juma'a, da rana

Ruwan famfo ɗumi ne, kamar wanda wani ya riga ya wanke hannu a ciki. Na sha. Alhamdu lillahi.

Asabar, ƙarfe huɗu

Kuskure na yi da na gaya wa Yaya. Ta kira daga gida don gaisuwa, ta ji muryata, ta ce me ke damuna. Shekarata hamsin da biyu, amma ita har gobe Auta nake a wurinta, kuma ban taɓa iya ɓoye mata komai ba sai abin da na ɓoye wa kaina.

Ta yi jimamin yarinyar sosai, ta yi mata addu'a. Da na zo kan alwashi sai ta ce, "Tsaya, Auta, in fahimta. Kin bar mu nan inda wuta ba ta zama, kin tafi inda ba a ɗaukewa, shi ne kika ɗauke wa kanki?"

Na ce ba abin dariya ba ne, Yaya.

"Wallahi abin dariya ne. Ita yarinyar, zufarki ake ɗura mata a asibitin?"

Sai ta buɗe muryar waya ta kira mijinta, ba tare da ta tambaye ni ba. Malam yana nesa, ina jin ƙarar butarsa. Ya ce alwashin da ba ibada ba ne a karan kansa, kuma yana cutar da mai shi, ba a dagewa a kansa: a warware, a yi kaffara, a roƙi gafara. Ya ce Allah ba ya buƙatar in sha wahala, yana buƙatar in gyara. Na ce na gode, Allah ya ƙara sani. Yaya ta ce, "Ka ji muryarta? Ba za ta yi ba. Tun tana ƙarama idan ta yi fushi da mutum, abinci take ƙin ci, mu a dake mu a kanta."

Ban tuna an taɓa dukan kowa a kaina ba.

Litinin, bayan tashi

An saya wa kowane aji fanka mai tsayuwa. Baba mai makullai, dattijon da ke kula da ginin, shi ya hauro da tamu bene uku a kafaɗa, yana haki. Ya ajiye, ya goge fuska, ya dube ni ya ce, "Malama, yau da sauƙi-sauƙi ko?"

Ashe maganar ta kai har wurinsa. Na ce, "Baba, ka yi mini rai." Ya ce shi ba da wata manufa ya faɗa ba, yana so ne in kai shi garin namu ya ga mutanen da ba sa narkewa.

Fankar irin mai juyawa ce. Na gano cewa lungun da ke tsakanin allo da ƙofa kaɗai iskarta ba ta kaiwa, can nake tsayawa. Amma idan zan rubuta a tsakiyar allo sai na jira ta juya kanta wajen tagogi, in yi sauri in rubuta, in ja baya kafin ta dawo. Mace mai shekaruna tana wasan ɓuya da fanka a gaban yara talatin. Sun lura. Sun mayar da ido kan littattafansu. Tun ranar Talata ba sa cewa komai.

Tagogi a buɗe suke duka. Gora a kan kowane tebur. Kujerar gaba babu kowa.

Talata, da safe

Shin mafici fanka ne? Na ce fanka, ban ce mafici ba. Amma na san abin da nake nufi lokacin da na faɗa, kuma Wanda na faɗa wa Ya sani. Na ajiye kwalin da na ɗauka.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Mako guda.

Na daina hawa bas, domin akwai na'urar sanyi a ciki. Tafiyar minti arba'in ce a ƙasa, kwalta tana kama takalmi. Mutanen unguwa sun fito da kujeru bakin titi, maza babu riga, mata kuma Allah ya kyauta. Ni ce kaɗai a lulluɓe. Wata tsohuwa ta tare ni da tausayi ta ce ba na jin zafi ne a cikin wannan mayafi? Na buɗe baki zan ce mata a garinmu, sai na rufe.

Na shiga kanti sayen sabulu. Sabulu yana layin farko. Ban san abin da ya kai ni layin ƙarshe ba, wurin manyan firji, na tsaya ina karanta bayanin da ke jikin kifin da ba zan saya ba. Na karanta har adireshin kamfanin. Astagfirullah. Ban ce firji ba a alwashina, amma dubi abin da na rubuta jiya.

Alhamis, lokacin hutun rana

Malamar zane, wadda teburinta ke kusa da nawa a ɗakin hutawa, ta ajiye mini gora mai ƙanƙara a ciki, raɓa tana gangarowa a jikinta. Ta ce, "'Yar'uwa, leɓenki ya tsage." Na ce na gode, na ƙoshi. Tana nan ranar da na yi dariyar, ita ce ma na fi yi wa, domin ta ɗora jiƙaƙƙen tawul a wuya. Ko sau ɗaya ba ta tuna mini ba. Da ta yi mini gori irin na Baba da na san inda zan ajiye ta. Wannan kirkin nata yana gajiyar da ni.

Ita ce ta gaya mini an sallami yarinyar, tana gida. Ta ce likita ya gano wani abu dabam a jikinta wanda ba a sani ba a da, ba a dai faɗi ko mene ne ba.

Zan rubuta gaskiya: abin da ya fara zuwa zuciyata daɗi ne. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu an gano mata ciwo, ni kuma na ji sanyi a raina don wataƙila ba tagogi ba ne kaɗai. Kwana tara ina shan ruwan ɗumi, ga abin da ya wanke.

Juma'a

Zafi.

Lahadi, bayan azahar

Na yi wanka sau huɗu. Na shimfiɗa zane a ƙasan banɗaki na kwanta, domin nan ne kawai babu darduma. Ina kwance ina duba takardun gwajin nan da ban taɓa ba tun ranar. Ta yarinyar tana ciki. Tambaya shida ta farko ta ci duka, da rubutunta mai tsafta. Ta bakwai rubutun ya fara karkacewa. Ta takwas babu komai.

Wane maki ake ba irin wannan takarda? Na mayar da ita ƙasan sauran.

Litinin, bayan tashi

Na daka wa wata yarinya tsawa don ta ya da rula. Rula kawai. Ta kasa ma sunkuyawa ta ɗauka. Ba na barci sosai, kaina yana sara tun daga hantsi, kuma duk wanda ya kurɓi ruwa a gabana sai in ji kamar da gayya ya yi. Wai ni ce mai tuba.

A matakala na haɗu da Shugaba. Ta ce, "Shafi na uku, Malama." Na ce zan duba, ranki ya daɗe. Ta ce, "Ba dubawa yake so ba, cikawa." Da murmushi ta faɗa.

Laraba, ƙarfe biyar

Uwar yarinyar ta zo karɓar aikin gida. Ina fitowa daga ofis tana shiga. 'Yar siririyar mace ce, da rigar aiki irin ta masu gidan burodi, gari a hannun rigar. Tabarau ɗinsu iri ɗaya. An ce kada in tuntuɓe su, to ban tuntuɓa ba. Na raɓe jikin bango na ba ta hanya. Ta san ko ni wace ce. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ba da raini ba, kamar dai mai son ta tuna fuskata, ta wuce.

Na ji daɗin dokar Shugaba. Wannan ma in rubuta shi.

Alhamis, da yamma

Uwar ta nemi a canza wa yarinyar aji. Malamar zane ce ta faɗa mini, a hankali, tana kallon kofinta. Ba a yanke ba tukuna.

Idan aka canza, ba za ta sake zama a kujerar nan ba har abada. Ban yi wannan lissafin ba, ni malamar lissafi.

Asabar, ƙarfe huɗu

Yaya ta ce, "To shi ke nan, sai ki jira sanyi ya shigo, alwashi ya cika kansa. Baɗi kuma ki sake sabo."

Na ce idan ba ta da abin faɗa sai ba'a, in kashe waya.

Ta ce, "Kashe mana. Amma ki amsa mini ɗaya, Auta. Kin ba ni labarin taga, kin ba ni labarin gora, sau uku-uku. Wanda ya faɗi komai ba ya maimaitawa haka. Mene ne ragowar?"

Na ce layin ba shi da kyau.

"Layi lafiyarsa ƙalau. Ki gaida fankar."

Lahadi

An ce gobe za ta fi kowace rana zafi a shekarar nan. Na yi guga da sassafe. Fom ɗin yana cikin jaka.

Litinin, bayan la'asar

Darasi na biyar, wajen ƙarfe ɗaya da kwata. Ina rubuta lissafin kaso a allo, sai lambobin suka fara ninkaya. Kunnuwana suka toshe. Na dafa allo, allin ya karye. Na juyo don in ce su ci gaba da aiki, sai na ga fuskokinsu.

Na san fuskokin nan. Haka suka yi ranar Talatar. Wata a baya ta riga ta sa hannu a baki, wadda na yi wa tsawa kan rula ta miƙe tsaye tana kallon ƙofa, tana auna ko ta ruga ta kira wani. Yara talatin da na sa suka ga 'yar'uwarsu a ƙasa, ga shi zan sa su ga malamarsu a ƙasa, a aji ɗaya, cikin wata ɗaya. Kuma wannan karon ma don in nuna na iya zama da zafi.

Na ja kujera gaban fankar, na danna maɓallin da ke tsayar da kanta, na zauna ta daki fuskata. Na ce wani ya sauka ɗakin hutawa ya ce wa Malamar zane ina roƙon gorarta. Da kanta ta hauro da ita a guje. Na sha a gabansu, har ƙanƙarar na tauna. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na sha da baƙin ciki ba.

Da aka tashi na zauna a wurin na fito da fom. Tambayar shafi na uku ita ce: shin ɗalibar ta nuna wata alamar damuwa kafin abin ya faru?

Na rubuta: Ta ɗaga hannu sau uku. Na gan ta. Na nuna mata agogo.

Na kai wa Shugaba. Ta karanta a tsaye, ta daɗe a kan layin. Ta ce, "Yaran sun riga sun gaya mana tun ranar. Ke muke jira." Wannan karon da ta nuna mini kujera na zauna.

Laraba

Kwamiti ya zauna. Ba zan rubuta abin da aka ce ba, akasarinsa gaskiya ne. Zan ƙarasa wannan zango. Na gaba Allah ne masani.

An canza wa yarinyar aji.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Ta dawo makaranta yau, ajin bene na ɗaya. Bayan tashi ina tattara takardu sai na ji an ƙwanƙwasa. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta rame, da 'yar filasta a gefen goshi, uwarta a bayanta a baranda. Ta ce ta zo ɗaukar littafinta da ta bari a aljihun tebur. Ta shiga, ta sunkuya ta ɗauka, ba ta zauna ba.

Na miƙa mata takardar gwajinta. Na ba ta shida bisa shida, na rubuta a ƙasa cewa sauran tambayoyin laifin malama ne. Sannan na ce, da murya yadda uwar za ta ji, "Kin ɗaga hannu sau uku, na gan ki, ban kula ki ba. Na zalunce ki. Ki yafe mini."

Ta gyara tabarau, ta yi tunani kamar yadda take yi kafin ta ba da amsa a aji. Ta ce, "Sau huɗu ne, Malama."

Na ce to, sau huɗu.

Ta ce, "Na ƙarshen bai ɗagu sosai ba." Ta naɗe takardar ta sa a littafi, ta ce sai an jima. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, kuma ba ni da bakin tambaya sau biyu. Uwar ta ɗan sunkuyar mini da kai kafin su sauka. Ban san ma'anarsa ba.

Litinin zan roƙi Shugaba ta ba ni fom ɗin in gyara lambar.

Na kira Malam na tambayi yadda ake kaffara, ya yi mini bayani ba tare da ya ce ai na gaya miki ba. Yaya ta faɗa a madadinsa, daga bayansa, sau biyu.

Alwashin da na yi ranar Laraba, da sunan Allah a kai: ban cika shi ba. Kwana goma sha tara na riƙe, a na ashirin na karya da hannuna, da rana tsaka, ina sane. Yarinyar ba ta koma kujerarta ba, kuma ba za ta koma ba. Allah Ya gafarta mini karyawar, Ya gafarta mini yin sa tun farko.